Adakar Baffa: Tarihin Mujallun Ƙananan Jiragen Ƙasa Da Abin Da Ya Kamata A Yi Da Su

Gabatarwa

Bayan an yi sadakar arba'in ta marigayi Baffana, Allah Ya jiƙansa Ya sa Aljanna makomarsa, sai aka zauna rabon abin da ya bari. Baffa tsohon ma'aikacin Reluwe ne, ya yi shekara 35 yana aikin fita a loko ta Zariya kafin ya yi ritaya. Gida da gona da tufafi duk an yi musu kuɗi an raba bisa ƙa'ida, ba a sami wata gardama ba. Abu ɗaya ne ya tsayar da malamin rabo, wato wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da aka jawo daga ƙarƙashin gado. Da aka ɓalle kwaɗon, sai aka tarar da mujallun Turanci sun kai 340, an ɗaɗɗaure su shekara shekara da igiyar rama, kuma duk kansu a kan abu guda suke magana: yadda ake ƙera ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, masu tafiya a kan tebur.

Malam ya ce ko allura mamaci ya bari sai an yi mata kuɗi, saboda haka a faɗi farashinsu. Aka yi shiru. Can sai babban ɗan marigayi ya dube ni ya ce, "Yaya, ai kai ne ɗan boko. In ba su da amfani mu kai wa mai ƙosan bakin titi, ita kam tana saye." Inna kuwa, uwargidan marigayi, cewa ta yi, "Ni dai na san Malam bai taɓa yarda ko yaro ya taɓa su da hannun miya ba." A ƙarshe farashin mai ƙosai aka sa musu, na biya magada, na ɗauko adakar na kawo gida ba tare da na san abin da zan yi da ita ba. Neman amsar wannan tambaya shi ya kai ni ga bin tarihin waɗannan mujallu, shi ne kuma nake son in ɗan gutsura wa 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa.

Asalin Abin

Ba a daɗe da fara jirgin ƙasa na gaske a Ingila ba, cikin shekarun 1820 zuwa 1830, masu ƙera kayan wasan yara a Turai suka shiga kwaikwayonsa da kwano da katako. To amma waɗancan na farko abin ja ne a ƙasa kurum, kamar dai motar kara da motar langalanga da muka yi muna yara. Abin ya sauya ne a shekarar 1891, lokacin da kamfanin Märklin na garin Göppingen a ƙasar Jamus ya kai wani jirgi mai wani bajekolin Leipzig, tare da digarsa wadda ake harhaɗawa gunduwa gunduwa, ya kuma tsayar da faɗin digar a kan ma'auni sananne. Daga nan wanda ya sayi kan jirgi bana yana iya sayen tarago baɗi, ya ƙara diga shekara mai zuwa, duk su dace da juna. Wannan shi ya mai da abin wasan yara ya zama sha'awar da magidanci zai yi shekara da shekaru yana ginawa.

A Amurka, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York cikin 1900, ya shahara da jirage masu aiki da lantarki. A Ingila kuwa akwai W. J. Bassett-Lowke na garin Northampton, da Frank Hornby na Liverpool wanda ya fito da jiragensa a 1920. An kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a Landan tun 1910. Mai karatu zai lura cewa a daidai wannan lokaci ne ake shimfiɗa digar Baro zuwa Kano, wadda ta iso Kano a 1911. Wato sa'ad da kakanninmu ke tsaye suna kallon jirgin gaske karo na farko, su can har sun kafa ƙungiyar masu kwaikwayonsa.

Ginshiƙin wannan sana'a shi ne ma'auni. Ana rage komai da kashi ɗaya tak, daga kan jirgi har zuwa ɗan tsanin da direba ke takawa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ake kira HO, inda ake rage abu sau 87. Alal misali, taragon fasinja mai tsawon mita 20 sai ya koma kimanin santimita 23, ya hau diga mai faɗin milimita 16.5. Mutanen Ingila su kuma nasu OO ne, mai rage abu sau 76, amma a kan diga mai wancan faɗin. Dalili kuwa shi ne kawunan jiragen Ingila ƙanana ne, in an rage su sau 87 injin lantarkin wancan zamani ba ya shiga cikinsu, sai aka ɗan ƙara wa gangar jikin girma. Daga baya aka sami N mai rage abu sau 160, sa'annan Märklin ya fito da Z a 1972, mai rage abu har sau 220.

Yadda Mujallun Suka Samu

Wanda ke zaune a ƙauye shi kaɗai yana goge ƙarfe da dare, yana bukatar ya san tsawon tukunyar kan jirgi da faɗin ƙafarsa, yana kuma son ya ga abin da wani ya yi. Wannan bukata ita ta haifi mujallun. Percival Marshall ya fara buga Model Engineer a Landan cikin 1898, sa'annan a 1925 ya ware wa masu jirgin ƙasa tasu mai suna Model Railway News. Model Railway Constructor ta biyo baya a 1934.

A Amurka abin mamaki ne yadda manyan mujallun biyu suka fito a tsakiyar mummunan karayar arzikin da ta faro a 1929. The Model Craftsman, wadda daga baya ta zama Railroad Model Craftsman, ta fito a 1933. A watan Janairu na 1934 wani saurayi mai ƙaramar maɗaba'a a birnin Milwaukee, Al Kalmbach, ya fito da Model Railroader, kwafin fitowar farko kuwa ba su kai 300 ba. Mutane ba su da kuɗin sayen jirgin kanti, amma suna da lokaci da hannu, ga da yawansu ƙwararrun ma'aikata ne da aka sallama daga masana'antu. Mujallar ta koya musu yin abin da kansu.

Ba koyarwa kaɗai ta yi ba, har da haɗa kan mutane. A wancan lokaci taragon wani kamfani ba ya sarƙuwa da na wani, ƙafar wannan ba ta zama daidai a digar wancan. A 1935 masu sha'awar suka taru a Milwaukee suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake taƙaita sunanta da NMRA, ta tsayar da ƙa'idojin awo waɗanda masu ƙira ke bi har yau. Mujalla ce ta zama dandalin da aka yi ta muhawarar, ita ce kuma ta kai ƙa'idojin gida gida.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, aka hana amfani da ƙarfe wajen kayan wasa. Kamfanin Lionel ya dakatar da ƙera jirage daga 1942 zuwa 1945, har ta kai a 1943 jirgin kwali ya sayar wa mutane su yanka su liƙa. Mujallun wannan zamani cike suke da dabarun yin tarago da gwangwani da kwali da guntun katako. Duk wanda ya taɓa yanka gwangwanin madara ya yi mota zai gane yaren nan ba tare da tafinta ba.

Bayan yaƙi, a 1949, aka fara Railway Modeller a Ingila, kamfanin Peco mai ƙera diga ya karɓe ta a 1951. Ita ce ta fi yawa a adakar Baffa. Editanta Cyril Freezer ya riƙe ta daga 1950 zuwa 1978, ya kuma san cewa masu karatunsa a ƙananan gidaje suke zaune. A 1957 ya buga wani tsarin tashar birni mai suna Minories, wanda ake iya shimfiɗawa a kan siririn katako a jikin bango. Har yanzu ana gina shi.

Yadda Suka Iso Zariya

Inna ce ta warware mini wannan. Wani Baturen injiniya ne da Baffa ya yi aiki a ƙarƙashinsa yana saurayi. Baturen yana da ɗan jirginsa a barandar gidansa, Baffa ne kuma ke taya shi walda da goge ƙananan ƙarafa ranar Lahadi. Da zai koma gida bayan samun mulkin kai, sai ya bar masa mujallunsa, ya kuma ci gaba da aiko masa da sababbi ta gidan waya, har da 'yan kwafin Amurka jefi jefi, har zuwa tsakiyar shekarun 1970 da saƙon ya yanke. Baffa bai taɓa mallakar jirgin kwaikwayo na kanti ba. Amma a gefen shafuffuka da yawa akwai rubutunsa da fensir, wani da boko wani da ajami, yana lissafin inci, yana rage awon kawunan jiragen kwal da yake gyarawa da rana. A wani shafi ya zana tankin ruwan tasha, ya rubuta tsayinsa da faɗinsa.

Abin Da Ke Cikinsu

Wanda ya buɗe irin wannan mujalla zai tarar da abubuwa huɗu. Na ɗaya, zane bisa ma'auni na kawunan jirage da taragai da tashoshi da gadoji, wanda sau da yawa mai karatu ne ya je da awo da littafi ya auno da kansa. Na biyu, bayanin aiki mataki mataki. Na uku, hotunan abin da mutane suka gina a gidajensu. Na huɗu, talla da wasiƙun masu karatu.

Na biyun shi ya fi saurin tsufa, domin gam da fenti da na'urorin lantarki duk sun sauya. Na ɗaya kuwa kullum daraja yake ƙarawa. A 1963 aka fitar da rahoton Dakta Beeching a Birtaniya, wanda ya jawo rufe dubban mil na diga da tashoshi fiye da 2,000, sa'annan a watan Agusta na 1968 aka daina amfani da jirgin kwal a manyan layukan ƙasar. An rushe tashoshi, an yanka kawunan jirage an narkar. Ƙananan gine-gine da yawa, irin su rumfar mai ba da hannu da ɗakin ajiyar fitilu, zanen da wani mai sha'awa ya aika wa mujalla yana daga cikin ɗan abin da ya rage na kamanninsu. Talla ma da ake rainawa, ita ke gaya wa mai bincike abin da ake sayarwa a shekara kaza, da farashinsa, da kamfanin da ya mutu.

Babban misalin da ya tsaya mini a rai shi ne na John Allen, wani mai ɗaukar hoto da ya zauna a garin Monterey na jihar Kalifoniya. Ya shafe kusan shekara 20 yana gina wata duniyar jirgin ƙasa a ɗakin ƙarƙashin gidansa, wadda ya sa wa suna Gorre & Daphetid, mai duwatsu tun daga daɓe har rufi, da gadoji da garuruwa. Shi ne ya yi fice wajen sa wa tarago tsatsa da ƙura don ya yi kama da wanda ya sha aiki. Ya rasu a watan Janairu na 1973. Kwana goma bayan rasuwarsa gobara ta tashi a gidan ta cinye aikin, in ban da 'yan kayayyaki ƙalilan da aka tsamo. Abin da duniya ta sani game da aikin nan a yau, daga hotuna ne da rubuce-rubucen da mujallu suka buga yana da rai, da littafin da Linn Westcott, tsohon editan Model Railroader, ya rubuta a kansa, wanda ya fito a 1981. Duwatsun sun ƙone, takarda ta tsira, don kawai an buga ta da yawa ta watsu a gidajen mutane.

Halin Da Ake Ciki A Yau

A can inda abin ya samo asali, matsalar da ta same ni ta zama ruwan dare. Waɗanda suka tara mujallun nan tun suna samari suna ta rasuwa, magada kuma ba su san inda za su kai su ba. In ban da fitowar farko farko ta kafin yaƙi, ba su da wani kuɗi a kasuwa, domin an buga su da yawa kuma kowa ya adana. Kuɗin aikawa ta gidan waya ya kan fi kuɗin mujallar. Ɗakunan karatu da dama ba sa karɓa saboda ƙarancin wuri. Wasu sukan yage shafin da suke so su zubar da saura. Wasu sukan kai wa ƙungiyoyin masu sha'awa a raba wa sababbin shiga. A Birtaniya akwai tsofaffin layukan dogo da 'yan sa-kai ke gudanarwa, al'adar da ta faro da layin Talyllyn na yankin Wales a 1951, kuma da yawansu sukan karɓi irin waɗannan mujallu su sayar da araha don samun kuɗin gyara.

Bugu da ƙari, kwamfuta ta shigo. An zuba fitowar Model Railroader ta shekara 75 na farko a faifai, yanzu kuma ana karanta tsofaffin fitowa ta intanet in mutum ya biya kuɗin rajista. Wannan ci gaba ne babu shakka, domin abin da za ka kwana kana nema a adaka sai ka same shi cikin minti guda. Sai dai kuma abin aro ba ya rufe katara. Abin da ke intanet yana hannun kamfani ne, kamfani kuwa yana mutuwa, yana kuma sauya hannu. Model Railway Constructor ta tsaya a 1987. Kamfanin Carstens mai buga Railroad Model Craftsman ya rufe a 2014, sai da wani kamfani ya sayi mujallar ta ci gaba. Gidan Kalmbach kansa ya sayar da Model Railroader ga kamfanin Firecrown a 2024, bayan shekara 90. Har ila yau, babu faifan da ke ɗauke da fensirin Baffa.

Abin Da Na Yi

Da na fahimci haka sai na tsayar da shawara uku: ba zan yage su ba, ba zan rarraba su ba, ba kuma zan bar su a ƙarƙashin gadona su jira nawa magadan ba. Darajar irin wannan tari tana cikin jeruwarsa ne. Kwafi ɗaya abin kallo ne kurum, amma shekara ashirin a jere tarihi ne.

Na fara da baza su a inuwa, na kakkaɓe, na ware guda 11 da gara ta taɓa don kada su shafi saura. Na cire ƙusoshin tsakiya da suka yi tsatsa suna cin takarda, na ɗinke da zare. Na jera su bisa suna da shekara da wata, na rubuta jerin a littafi, har da waɗanda suka ɓace, da lambar duk shafin da Baffa ya yi rubutu. Na zuba su a kwalaye, ban sa su a leda ba domin leda tana riƙe laima da damina, na ɗora a kan kanta nesa da ƙasa da bango. Shafuffukan da ke da rubutun hannunsa na ɗauki hotonsu na rarraba wa 'ya'yansa.

Neman inda za a ajiye su ne ya fi wuya. Ɗakin karatu na farko da na je, jami'in ko buɗe kwalin bai yi ba, ya ce ba sa cikin manhaja. A wuri na biyu an karɓe ni da fara'a, amma da na leƙa inda ake jibge kyautar littattafai na ga rufin yana yoyo, sai na yi godiya na fito da kayana. Daga ƙarshe wani malamin zanen injiniya a wata kwalejin koyon sana'a ya buɗe fitowar 1957, ya daɗe yana duban zanen, ya ce, "Alhaji, ai da wannan zan koya wa yara ma'auni, sun gaji da zana murabba'i." Muka yi yarjejeniya a rubuce da hukumar makarantar: za a ajiye su tare da sunan marigayi, a karanta a wurin ba a fita da su, in kuma wata rana ba a bukatarsu a kira iyalinsa kafin a zubar.

Kammalawa

Wani zai ce mene ne haɗin marubucin Hausa da wasan Turawa? Haɗin shi ne su sun rubuta ƙaramin abinsu, sun auna, sun buga, sun adana. Mu ma mun yi ƙaramin jirgi na gaske, wanda ya tashi daga Zariya ya hau dutse zuwa Jos a kan diga mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, aka gina shi tsakanin 1912 da 1914, aka rufe shi a 1957. Baffa ya hau shi, yana kuma ba da labarinsa har ya tsufa. Yaron Zariya na yau da zai so ya ga yadda tashoshinsa suke, wace mujalla tamu zai buɗe?

Haka kuma mu dubi namu takardun. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta. A zamanin hukumar NORLA, cikin shekarun 1950, larduna sun yi jaridunsu, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Bazazzaga ta Zariya. Bayansu an yi mujallun ƙungiyoyi da na makarantu ba iyaka, wasu fitowa uku suka yi suka mutu. A cikinsu ne waƙar farko da gajeren labarin farko na marubuta da yawa suka fito. Gida nawa ne a yau ke da adaka irin ta Baffa cike da su, tana jiran ranar rabon gado? Akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai ɗakunan karatun jami'o'inmu, amma ba za su san abin da ke ƙarƙashin gadon wani ba sai an kai musu.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce kowane reshe ya sa mutum guda da zai riƙa karɓar tsofaffin jaridu da mujallu daga hannun magada, ya rubuta jerinsu, a buga jerin a wannan mujalla don mai nema ya san inda zai dosa. Shawarata ga kowane ɗayanmu kuwa, tun yana da rai ya rubuta a takarda inda yake son a kai nasa tarin, ya sa a cikin adakar. Baffa bai yi haka ba, saura ƙiris aikin shekara da shekaru ya ƙare a naɗin ƙosai.

Ranar da na kai kwalayen makarantar, na biya na gaya wa Inna. Ta tambaye ni ko yaran za su wanke hannu kafin su taɓa. Na ce mata an rubuta haka a jikin kantar. Allah Ya jiƙan magabatanmu, mu kuma Ya sa mu cika da kyau da imani, amin.